Rumawa ma da fassara suka fara: me zai hana a kawo adabinsu cikin Hausa?

A shekara ta 240 kafin haihuwar Annabi Isa, Alaihis Salam, hukumomin birnin Rum suka sa wani mutum mai suna Livius Andronicus ya shirya wasan kwaikwayo don bikin shekara. Mutumin ba Barume ba ne. Daga Tarentum ya fito, wani garin Girkawa a kudancin Italiya, kuma tsofaffin ruwayoyi sun ce a matsayin bawa ya shigo Rum, daga baya aka 'yanta shi ya zama malamin yara. Wasan da ya nuna ɗin na Girkawa ne, shi dai ya juya shi zuwa Latin, harshen Rumawa. Shi ne kuma ya fassara Odyssey, doguwar waƙar Homer, mawaƙin Girkawa, wadda yaran Rum suka yi kusan shekara 200 suna haddacewa a makaranta. Daga wannan shekara Rumawa da kansu suke ƙirga farkon adabinsu. Wato adabin da Turai ta yi shekara 2000 tana tunƙaho da shi, a hannun baƙo ya fara, kuma da fassara.

Na ɗauko wannan labari ne saboda ra'ayin da nake son karewa: lokaci ya yi da za a juya wani ɓangare na adabin Latin zuwa Hausa, a sa shi a hannun ɗalibai da duk mai sha'awar karatu. Na san akwai mai cewa muna da matsalolin da suka fi wannan gaggawa, kuma gaskiya ya faɗa. Amma mutanen da suka rubuta waɗannan littattafai su ma a cikin yaƙin basasa da tsadar abinci da sayen ƙuri'a suka rubuta su, kuma a kan waɗannan abubuwan ne mafi yawan maganarsu take.

Latin ta daɗe a matsayin harshen da masu shi suke renawa. Girkanci ne harshen ilmi. Masu hali suna ɗauko wa 'ya'yansu malamai Girkawa, in sun girma a tura su Atina ko tsibirin Rhodes su ƙaro karatu. Barume na farko da ya rubuta tarihin Rum, Fabius Pictor, ɗan majalisa ne kuma ɗan babban gida, amma da Girkanci ya rubuta, wajen shekara ta 200 kafin Miladiyya. Bayan fiye da ƙarni guda, mawaƙi Lucretius, da ya zauna yana bayyana yadda duniya ta haɗu daga ƙananan ƙwayoyin da ido ba ya gani, sai da ya koka da talaucin harshen iyayensa. Cicero, lauya kuma ɗan siyasa, shi ne ya tsaya ya yi gardama da masu wannan ra'ayi. A shekarunsa na ƙarshe ya rubuta littattafan falsafa da Latin, inda babu kalma ya ƙirƙira, har ya fito fili ya ce harshensu bai gaza Girkanci ba, ya ma fi shi yalwa. Kalmar qualitas, wadda Ingilishi da Faransanci suka gada suna nufin inganci ko siffar abu da ita, shi ya ƙera ta don ya fassara wata kalmar Girkanci. Duk wanda ya taɓa zama inda ake musun ko Hausa za ta iya ɗaukar ilmin kimiyya, in ya karanta waɗannan shafuka zai ji kamar da shi ake.

Ko karin waƙarsu aro ne. Mawaƙi Ennius ya ajiye tsohon karin gargajiya na Italiya, ya ɗauko ma'aunin da Homer ya yi waƙa da shi, ya lanƙwasa Latin har ta zauna a kai. Irin aikin da malamanmu suka yi ke nan da suka ɗora waƙar Hausa a kan ma'aunan Larabci, kuma yau babu mai cewa waƙoƙin Nana Asma'u ba na Hausa ba ne. Akwai ma abin da ya fi wannan burge ni. Da Rumawa suka rushe birnin Kartaj, a Tunisiya ta yau, a shekara ta 146 kafin Miladiyya, sun raba wa sarakunan yankin littattafan da suka tarar, amma majalisa ta ware guda ɗaya: littafin noma na wani masani mai suna Mago, mai kashi 28. Ta ba da umarni a fassara shi zuwa Latin. Abokin gaba ne, sun ƙone garinsa, amma ba su ji kunyar koyon noma daga wurinsa ba.

Kuma kada a ɗauka Rumawa sun yi mana nisa kamar yadda ake zato. Haruffan da nake rubuta wannan sharhi da su nasu ne, mun dai yi wa ɓ da ɗ da ƙ lanƙwasa. Watan Yuli sunan Julius Kaisar ne, Agusta na magajinsa Augustus, Satumba zuwa Disamba kuwa bakwai zuwa goma suke nufi, don a Maris tsohuwar shekararsu take farawa. Dinari daga kuɗinsu na denarius ya fito, ya biyo ta Larabci. Masana harshe sun bi sawun kalmar takarda har zuwa charta ta Latin, ta bakin Buzaye ta iso mana. Sunan majalisarsu, senatus, daga kalmar da ke nufin tsoho aka ciro shi, don haka wanda ya fara cewa Majalisar Dattawa ya dace da asalin ma'anar. Lauyoyin Najeriya har gobe suna jefa kalmomin Latin a gaban alƙali, wanda ake ƙara yana tsaye bai san abin da ake faɗa a kansa ba. A Nijar kuwa Faransancin da ake aikin gwamnati da shi jikan Latin ne, kuma dokokin da aka gada daga Faransa suna da saiwa a dokokin Rum da sarki Justinian ya sa aka tattara a ƙarni na 6. Muna amfani da kayan mutanen nan kullum, maganarsu ce kawai ba mu taɓa ji da harshenmu ba.

Inda na fi son mai karatun Hausa ya fara shi ne siyasarsu, kuma a nan Cicero ne jagora. An haife shi a shekara ta 106 kafin Miladiyya a ƙaramin garin Arpinum, babu wanda ya taɓa riƙe babban muƙami a danginsu, bakinsa ne jarinsa. Shari'ar da ta ɗaga shi ita ce ta Verres, a shekara ta 70. Verres ya yi shekara uku yana gwamnan tsibirin Sisili, ya wawashe hatsin manoma, ya kwashe kayan ado har daga wuraren bauta. Mutanen tsibirin suka roƙi Cicero ya tsaya musu. A jawabinsa na buɗe shari'a ya gaya wa kotu cewa an ji Verres yana faɗin yadda ya tsara satarsa: ta shekarar farko tasa ce, ta biyu ta masu kare shi, ta uku, wadda ta fi tsoka, ta alƙalai. Kwana 50 kacal Cicero ya yi yana zaga tsibirin yana tara shaidu da takardu, kuma da shaidun suka fara magana Verres bai jira hukunci ba, ya gudu Marseille. Babu ɗan jaridar da ke bin shari'ar tsofaffin gwamnoni da zai karanta wannan jawabi bai ƙaru ba.

Akwai wata 'yar takarda da ake jingina wa ƙanensa Quintus, ta shawara kan yadda zai ci zaɓen shekara ta 64. A ciki an ce masa ya riƙa fita da taron jama'a a bayansa kullum, ya san sunayen mutane, ya bar ƙofarsa a buɗe dare da rana, kuma ya yi wa kowa alkawari, domin fushin wanda aka ce wa a'a a gaban idonsa ya fi na wanda aka saɓa wa alkawari daga baya. Manyan 'yan takara suna tafe da bawa na musamman da aikinsa shi ne raɗa musu sunan duk wanda suka tara. Akwai dillalai sanannu masu raba kuɗi ƙabila ƙabila kafin ranar zaɓe, akwai kuma dokoki da aka yi ta kafawa don hana hakan, ba su hana ba. A bangon gidajen Pompeii, garin da tokar dutsen Vesuvius ta binne a shekara ta 79 Miladiyya, har yau ana karanta tallan 'yan takara da jan fenti, inda masu gasa burodi da masu alfadarai da masu sayar da 'ya'yan itace kowace ƙungiya take kiran a zaɓi nata.

Cicero ya ci zaɓen, ya zama ɗaya daga shugabanni biyu da ake zaɓa duk shekara, waɗanda suke kira konsul. A shekara ta 63 ya tona makircin Catilina na kifar da gwamnati, ya kuma sa aka kashe mutum biyar daga masu makircin ba tare da shari'a ba. Wannan ba ƙaramin laifi ba ne ga lauyan da ya yi suna da kare doka, kuma ya biya shi da kora daga Rum bayan shekara biyar. Ina son a karanta shi da wannan tabon a jikinsa, don wasiƙunsa, da shi da waɗanda aka aiko masa kimanin 900, ba su ɓoye komai ba: son yabo, tsoro, bashi, kokwanto, da baƙin cikin da ya kusa karya shi da 'yarsa Tullia ta rasu. A cikinsu ana kallon yadda jamhuriya take mutuwa wata bayan wata. Sojoji sun daina zama na ƙasa, sun zama na janar ɗin da zai ba su albashi da gona. Janar Sulla ya shiga Rum da runduna a shekara ta 88, Kaisar ya ƙetare kogin Rubicon da tasa a 49, aka kashe shi a zauren majalisa ranar 15 ga Maris, 44. Cicero ya yi jawabai 14 yana caccakar Mark Antony, na hannun daman Kaisar, a watan Disamba na 43 aka yanke kansa da hannunsa aka kafa a dandalin da ya saba hawa yana magana. Augustus da ya gaji komai bai rushe majalisa ba, bai hana zaɓe ba, bai kira kansa sarki ba. Ya bar sunayen kamar yadda suke, ya riƙe sojoji da baitulmali. Mu da muka ga juyin mulki a Najeriya da Nijar mun san wanda ake yi da tankar yaƙi, wannan irin na Augustus ne ya kamata mu ƙara nazari a kai.

Daga nan sai mawaƙa, kuma tambayar da rayuwarsu take tayarwa tsohuwa ce a wurinmu: yaya mawaƙi zai ci tuwon fada kuma ya faɗi gaskiya? Augustus yana da amini attajiri, Maecenas, wanda ya tara mawaƙa a jikinsa. Horace ɗan 'yantaccen bawa ne, ya ma yi yaƙi a ɓangaren waɗanda suka kashe Kaisar, wanda ya sha kashi a Philippi a shekara ta 42, ya dawo ya tarar an ƙwace gonar mahaifinsa. Maecenas ya ba shi gona a tsaunukan Sabine, shi kuma ya yi wa sabon mulki waƙoƙi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sai dai da Augustus ya nemi ya zama magatakardansa, Horace ya ƙi, kuma mafi daɗin waƙoƙinsa a kan wadatar zuci ne da gajartar rayuwa da daɗin zaman ƙauye. Yadda yake maganar mahaifinsa, wanda ya riƙa raka shi makaranta da ƙafarsa don kada ya lalace a birni, yana cikin abubuwan da suka fi taɓa ni a adabin nan gaba ɗaya.

Virgil ya fi shi zurfi. Waƙarsa ta farko a cikin waƙoƙin makiyaya zance ne tsakanin manoma biyu, ɗaya an bar masa gonarsa, ɗaya an kore shi an ba soja, yana kora awakinsa bai san inda za shi ba. Wannan ya faru da gaske a yankinsu na Mantua. Daga baya ya yi kimanin shekara 11 yana aikin Aeneid, waƙa mai kashi 12 da layi kusan dubu goma, labarin Aeneas da ya tsere daga Troy ya zo Italiya ya zama kakan Rumawa. Waƙar yabon daula ce, babu musu. Amma a cikinta akwai Dido, sarauniyar Kartaj, wadda ta karɓi baƙon ta ba shi masauki, ya tafi ya bar ta, ta la'anci zuriyarsa ta kashe kanta, kuma mai karatu ita yake tausayawa. An gaya wa Aeneas cewa aikin Barume shi ne ya sassauta wa wanda ya miƙa wuya, amma a layukan ƙarshe abokin gabarsa Turnus yana ƙasa yana roƙo, shi kuma ya soke shi cikin fushi, waƙar ta ƙare a nan. Virgil ya rasu a shekara ta 19 kafin Miladiyya bai gama gyara ba, ya bar wasiyya a ƙone ta, Augustus ya hana. A ganina mawaƙin ya yi yabon da aka nema, ya kuma ajiye kukan waɗanda aka taka a inda babu mai iya cire shi.

Ovid bai yi wannan sa'ar ba. A shekara ta 8 Miladiyya Augustus ya kore shi zuwa Tomis, a bakin Baƙin Teku a Romaniya ta yau, saboda abin da shi da kansa ya kira waƙa da kuskure. Ya yi ta aiko da waƙoƙin roƙo har ya mutu a can. A zamanin Tiberius, magajin Augustus, a shekara ta 25, aka gurfanar da masanin tarihi Cremutius Cordus don ya yabi waɗanda suka kashe Kaisar, aka ƙone littattafansa, ya daina cin abinci har ya mutu. 'Yarsa ce ta ɓoye wasu kwafi.

Wanda kuma yake son ya ji ƙamshi da warin birnin, ya nemi Juvenal, gwanin zambo. Rum a lokacin tana da mutane wajen miliyan ɗaya. Talakawa a benayen haya masu hawa-hawa suke zaune, waɗanda masu gida ke tokarewa da katako suna liƙe tsagar bango su ce wa 'yan haya su yi barci lafiya. In gobara ta tashi a ƙasa, na can sama shi ne na ƙarshen sani. An hana amalanke shiga gari da rana, don haka da dare suke ta ƙara, har Juvenal ya ce barci a Rum sai mai kuɗi. Ya ce kada mutum ya fita cin abincin dare bai yi wasiyya ba, saboda tukwanen da ake jefowa daga tagogi da 'yan giya masu neman faɗa. Da asuba talaka zai sa farar rigarsa ya tafi ƙofar ubangidansa gaisuwa, ya shiga layi a ba shi ɗan abin cefane, wannan kuwa ba sai an yi wa Bahaushe dogon bayani ba. Gwamnati tana raba wa mutum kimanin 200,000 alkama kyauta, wadda jiragen ruwa ke kawowa daga Masar da arewacin Afirka. Ruwa yana shigowa daga tsaunuka ta magudanan dutse, na farkonsu an gina shi tun 312 kafin Miladiyya, gidan wanka kuwa da ɗan ƙaramin kwabo ake shiga. Miyarsu ba ta yi sai da garum, ruwan kifin da aka tsima da gishiri, wanda matsayinsa a girkinsu kamar na daddawa ne a namu. Yara suna rubutu da tsinke a kan allo mai kakin zuma, malami yana riƙe da bulala, Horace ma bai manta da nasa mai dukan ba. Juvenal ne ya ce jama'ar da a da take naɗa shugabanni da kwamandoji yanzu abu biyu kawai take nema, burodi da wasanni. Shi kansa ba waliyyi ba ne, yana da ƙyamar baƙi, ya kuma yi wa mata zambo mai muni, dole mai fassara ya faɗi haka.

Wannan ya kawo ni ga suka mafi ƙarfi da za a yi wa shawarata, cewa wannan adabin masu bayi ne da 'yan mamaya, kuma Turawan mulkin mallaka sun yi amfani da shi suna nuna fifikonsu. Duk gaskiya ne. Cato, a littafinsa na noma, ya ba mai gona shawara ya sayar da tsohon bawa da bawa marar lafiya tare da tsofaffin shanu da tsoffin kayan aiki. Bayan tawayen bayi da Spartacus ya jagoranta an gicciye mutum 6,000 a bakin hanya daga Capua zuwa Rum. A shekara ta 61 Miladiyya wani bawa ya kashe ubangidansa, babban jami'in birni, majalisa ta tabbatar da tsohuwar doka aka kashe bayin gidan duka, su 400, har mata da yara, alhali talakawan gari sun fito suna zanga-zangar hanawa. Amma daga ina muka san wannan? Daga Tacitus, Barume kuma ɗan majalisa. Shi ne kuma ya sa a bakin wani shugaban mutanen arewacin Birtaniya maganar da har yau babu wadda ta fi ta kwance wa mamaya zani a kasuwa, cewa Rumawa suna mayar da ƙasa kufai su kira abin zaman lafiya. Masanin falsafa Seneca ya rubuta wa abokinsa cewa wanda kake kira bawa iska ɗaya kuke shaƙa, mutuwa ɗaya za ku yi, ko da yake shi ma bai 'yanta nasa ba. Al'ummar da ta san bauta a tarihinta, kamar tamu, tana da abin tattaunawa da waɗannan shafuka.

Kuma ba gadon Turai kaɗai ba ne. Terence, wanda wasanninsa shida suka zama littafin koyon Latin na ɗaruruwan shekaru, a Kartaj aka haife shi, bawa ne da aka 'yanta, sunansa ma yana ƙarewa da Afer, wato mutumin Afirka. Shi ne ya rubuta cewa ni mutum ne, babu abin da ya shafi ɗan Adam da nake ɗauka baƙo a wurina. Apuleius ɗan Madauros ne a Aljeriya ta yau, shi ya rubuta labarin mutumin da ya rikiɗe ya koma jaki ya yi ta yawo daga hannun ɓarayi zuwa mai niƙa zuwa mai lambu, yana ganin yadda ake wahalar da na ƙasa. Duk mai son tatsuniya zai ji daɗinsa. An ma taɓa gurfanar da shi a Sabratha, a Libiya, bisa zargin ya yi wa wata bazawara mai dukiya asiri ta aure shi, kuma jawabin da ya kare kansa da shi yana nan. Augustine, babban malamin Kirista na Hippo, Annaba ta yau, ya faɗi yadda ya yi wa Dido kuka yana yaro a makaranta. Septimius Severus daga Leptis Magna, a Libiya ta yau, ya hau gadon mulkin daular a shekara ta 193. A shekara ta 19 kafin Miladiyya rundunar Cornelius Balbus ta kai har Gadamas da Fazzan, wuraren da daga baya fatakensu suka yi ƙarnoni suna zuwa Kano.

Sai batun addini. Littattafan cike suke da gumaka da allolin ƙarya, wasu waƙoƙin kuma akwai batsa. Ba na cewa a fassara komai, kuma ba kowane littafi ne na yara ba. Amma karanta labarin mutanen da suka shuɗe don ɗaukar izina ba baƙon abu ba ne a Musulunci, Alƙur'ani ma yana da sura da sunan Rum, ko da yake Rumawan gabas ne na bayan wannan zamani take magana a kansu. A Ƙurɗuba, a ƙarni na 10, an fassara tarihin da Orosius ya rubuta da Latin zuwa Larabci, kuma Ibn Khaldun ya ɗebi bayanai daga wannan fassara bai ga wani aibu ba.

Matsalar gaske ita ce wa zai yi aikin. Masu jin Latin a cikin Hausawa ba su da yawa. Jami'ar Ibadan tana da sashen nazarin Girkanci da Latin tun kafuwarta a 1948, wasu limaman Katolika 'yan Arewa sun karanta ta a makarantunsu, sassan Hausa kuma suna nan a Kano da Zariya da Sakkwato. A haɗa mai jin Latin da gwanin Hausa a tebur ɗaya, su duba fassarorin Ingilishi da Faransanci da Larabci don taimako, amma asalin ya zama shi ne alƙali. Littattafan ba su da haƙƙin mallakar kowa, kuma ba sai an jira maɗaba'a ba, ana iya sakin su babi babi a intanet ko a karanta a rediyo, yadda Rumawan ma a bainar jama'a marubuci yake fara karanta aikinsa. Wasiƙu biyu da Pliny Ƙarami ya aika wa Tacitus kan aman wutar Vesuvius, wanda ya gani da idonsa yana ɗan shekara 17 kuma kawunsa ya rasu a ciki garin ceton mutane, ba su wuce aikin mako guda ba.

In ni za a tambaya da wane cikakken littafi za a fara, zan ce da Yaƙin Jugurtha na Sallust. Gajere ne, labarinsa a Afirka ya faru, kuma yana tafiya da sauri. Jugurtha sarkin Numidiya ne, a Aljeriya ta yau, ya kashe 'yan'uwansa biyu ya haɗe sarauta, ya yi ta sayen 'yan majalisar Rum da kwamandojinsu da zinariya duk lokacin da aka taso masa. Sallust ya ce da yake barin Rum ya waiwaya ya kalle ta ya ce birni ne na sayarwa, da zarar ya sami mai saye ya halaka. Ya yi shekaru yana wahalar da rundunoninsu a hamada da tsaunuka, har surukinsa Bocchus, sarkin Mauretaniya ta da, wajen Maroko ta yau, ya yaudare shi ya miƙa shi ga Sulla a shekara ta 105 kafin Miladiyya. An zaga da shi a titunan Rum a ɗaure, ya mutu a kurkuku. Mai fassara zai buƙaci gabatarwa ta 'yan shafuka da zai gaya wa mai karatu cewa Sallust ɗin nan, da ya cika littafinsa da kukan cin hanci, shi ma ya yi gwamna a wannan ƙasa ta Numidiya, an zarge shi da wawashe ta, kuma da ya koma Rum ya mallaki lambunan da suka yi ƙarnoni ana kiransu da sunansa.